Taku Uku a Gaban Inna

Sharaɗin da Inna ta gindaya guda ɗaya ne, kuma ba ta maimaita shi ba. Ta ce wa ɗanta, kan maganar aurensa, ba za ta ce e ba, ba za ta ce a'a ba, sai ta je da ƙafarta ta zauna ta ga abin da yarinyar nan take yi a kan dandamali. Abin da idonta ya gani, shi za ta yi hukunci da shi.

Yarinyar da ake magana a kanta ita ce wadda duniya ta sani da Walƙiya, a gida kuwa Auta suke kiranta. Shekara tara ta yi tana irin waƙar nan da ƙirji ke riga kunne ji, 'yan rawa goma sha biyu a bayanta, fitilu na kashe ido, ita kuma tana tsalle kamar ba ƙashi a jikinta.

Da kakarta ta rasu bara, sai abin ya fita ranta. Ta riƙa tsintar kanta tana rera waƙoƙin da tsohuwar ke yi idan tana ɗinki, murya ƙasa-ƙasa, ba kiɗa ba tafi. Ta sallami 'yan rawa. Ta sayi tsohuwar jita ta katako mai karkataccen wuya, ta kai ta gyara a wani ɗan shago da ke bayan tashar mota. A nan ta gamu da mai gyaran, ɗan Inna, wani dogon mutum da sai ya yini bai yi magana goma ba. Ta sa masa suna Malam Shiru don tsokana, sunan ya bi shi, zuciyarta ma ta bi.

Tun da ta canza hanya gidanta ya zama kufai. Ɗaki biyar, kujera ta mutum ashirin, amma idan gari ya waye babu abin da take ji sai gurnanin firji. Wayar da a da sai an kashe ta ake samun barci, yanzu takan ɗauke ta ta duba ko lalacewa ta yi. Masu zuwa su ci su sha su ce mata babu kamarta, duk sun gano wasu ƙofofin.

Ranar Asabar ɗin da za ta fara fitar da sababbin waƙoƙin, da hantsi, sai ga Umma da Yaya sun yi sallama. Ko mayafi Umma ba ta cire ba.

"Auta, magana ɗaya ta kawo ni. Manajanki ya sake zuwa jiya kan maganar aurenki."

"Na sani, Umma."

"Kin sani, kika bar shi yana safa da marwa kamar mai neman aiki? Mutumin nan tun kina waƙa da cokali a ɗakin girki ya ɗauko ki. Ya san ciwonki, ya san fushinki, danginsa sun ce maraba. Can kuwa uwar mutum sai ta zo ta duba ki tukuna, kamar za ta sayi katifa."

Yaya ta ajiye jakarta ta zauna a hannun kujera. "Ni fa na saka wa yarana sabuwar waƙar taki. Kafin baiti na biyu duk sun yi barci, har da ubansu."

"Ai don haka aka yi ta, Yaya."

"To ki buɗe gidan reno mana. Me ya kai ki ɗakin taro?"

Auta ta yi ɗan murmushi, amma idonta ya kawo ruwa. Umma ta gani, ta kawar da kai, don uwa ce, kuma ta san idan ta kalla za ta sassauta.

"Ba ƙin mai gyaran nan nake yi ba," in ji Umma. "Mai sana'a ne, ban ji an faɗi aibinsa ba. Wulaƙanci nake guje miki. Idan matar nan ta tashi yau ta kaɗe zaninta ta fita, wa zai kwashe ki? Ni ce dai."

"Za ki zo, Umma?"

Yaya ce ta amsa, tana duba farcenta. "Ta ce ba za ta iya kallo ba. Ni kuma babu mai riƙe min yara."

Suka tafi suka bar mata kwanon abinci a kan tebur. Har ta fita ba ta buɗe shi ba.

Ɗakin taron na wani ɗakin karatu ne, kujera ɗari biyu, fanka huɗu, ɗaya ba ta juyawa. Ƙarfe biyu ta isa, ta tarar da Manaja ya riga ta, yana tsaye a bayan na'urar sauti da rigarsa mai guga da agogonsa mai nauyi. Shekara tara shi ke riƙe mata sauti, kuma ko da ta canza hanya bai yarda ya bar wa kowa wurin ba.

"Kujera ɗari biyu, Walƙiya," ya ce. "Na taɓa tara miki mutum dubu ashirin, har ana suma."

"Na gode da wancan. Yau waɗannan nake so."

"Waɗanda suka sayi tikitin nan kina zaton barci suka zo yi? Sunanki suka gani." Ya matso, ya rage murya. "Na gaya wa Umma, na gaya miki. Ki aure ni, ki yi waƙarki ta tsofaffi ranar da kika ga dama, a falo. Ba sai wata ta zo ta auna ki ba."

"Kai yayana ne a wurina. Na sha faɗa maka."

"Yaya." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To, yayanki zai tsaya miki a na'ura yau kamar kullum. Saka abin kunnenki mu gwada."

Ana saura rabin awa a fara, Malam Shiru ya leƙo ta ƙofar baya. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana murza hularsa.

"Ta zo," ya ce. "Layi na uku, gefen dama. Mai baƙin mayafi."

"Me ta ce?"

"Ta ce kada in zauna kusa da ita, zan riƙa yi mata bayani."

"Kai da bayani? Ashe ba ta san ɗanta ba."

Ya yi murmushi, ya dube ta ya daɗe. "Ki yi yadda kike yi a shago kawai. Kamar ni kaɗai ne, da agogon bango."

Ƙarfe huɗu ta fito. Doguwar riga ce a jikinta mai launin toka, ba kwalliya, jitar rataye a kafaɗa. Ɗakin ya ɗauki ihu da fito, samari a baya suna buga kujeru. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta jira ihun ya mutu, sannan ta taɓa tsirkiya.

Waƙar farko ta wuce lafiya. Ta biyu ma haka, ko da yake an fara tari da gyaran zama. A ta uku, wadda take kan tsohuwa mai zare allura da idon da ya daina gani, sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"Taku Uku muke so."

Wani ya karɓa. Kafin ta kai ƙarshen baitin, rabin ɗakin na rera sunan tsohuwar waƙar tata, wadda ta yi mata suna, mai buɗewa da bugun ganga uku.

Ita da Manaja suna da wata ƙa'ida ta aiki da babu wanda ya taɓa rubuta ta. Duk ranar da taro ya yi sanyi, ko aka fara guna-guni, Manaja ba ya tambaya, sai ya saki bugun nan uku a lasifika da cikin kunnenta lokaci ɗaya, ita kuma ta miƙe ta ceci taron. Sun yi haka ya fi sau ɗari. Bai taɓa kasawa ba.

Bugun ya sauka a kunnenta.

Wanda bai taɓa horar da jikinsa a kan abu ɗaya shekara tara ba, ba zai gane abin da ya faru ba. Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta ga dai tana tsaye. Ƙafar dama ta fita, ta hagu ta bi, ta dama ta dawo, kafaɗa ta karye gefe, ƙugu ya juya, jitar ta koma baya. Har murmushin nan na Walƙiya, mai kashe ido ɗaya, ya zo ya zauna a fuskarta kamar jiya ya tashi.

Ɗakin ya kece. Aka miƙe tsaye, wayoyi suka yi sama.

Sau biyu ta yi takun. A juyi na uku fuskarta ta faɗa layi na uku, gefen dama. Kowa a tsaye yake sai mutum ɗaya. Inna na zaune, hannuwanta biyu a kan jakarta, tana kallonta kallon da babu mamaki a ciki, kamar wadda aka nuna wa abin da dama ta sani.

Auta ta tsaya cak. Kiɗan ya ci gaba shi kaɗai.

Ta zare abin kunnen ta ajiye a ƙasa. Ta cire wayar da ke jikin jitar. Ta wuce makirufo ba ta dube shi ba, ta zo bakin dandamali ta zauna a kan matakala. Can Manaja ya kashe kiɗan.

"Wanda ya zo don waccan, ya yi haƙuri," ta ce. Muryarta ba ta wuce layi na biyar ba. "Ta ƙare."

Aka yi mata ihu. Wani ya jefo robar ruwa. Kujeru suka riƙa ƙara, mutane na fita suna tsaki, wasu na dariya suna duba abin da suka ɗauka a waya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta koma kan waƙar tsohuwa da allura, daga inda aka katse ta, ba lasifika, hawaye na ɗiga a kan katakon jitar.

Waɗanda suka rage ba su kai arba'in ba. Da yake ba a ji daga nesa, sai suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya suna cika layin gaba. Waƙa shida ta yi musu. Ba wanda ya yi tari. Da ta gama suka tafa kaɗan, irin tafin da ake yi a ɗakin da jariri ke barci, suka fita a hankali.

Manaja ya zo yana naɗe waya a hannu. Fuskarsa ta yi fari-fari.

"Wallahi hannuna ne ya tafi," ya ce. "Na ji suna shirin cinye ki, ban san lokacin da na danna ba."

Ta dube shi. Ba ta san ko gaskiya ya faɗa ba, kuma ta lura shi ma bai sani ba.

"Na yarda," ta ce. "Ni ma ƙafata ce ta tafi. Ka je gida, Yaya. Daga yau zan nemi wani a na'ura."

Ya kwashi kayansa.

Saura mutum uku a ɗakin. Malam Shiru ya durƙusa gefen kujerar uwarsa, kuma yau shi ne mai yawan magana.

"Inna, na'urar ce ta yi kuskure. Ba ya cikin tsari. Ba ta san za a saka ba, ki tambayi kowa."

"Na'urar ce ta karya mata kafaɗa?"

"Inna..."

"Tashi ka nemo mana mota. Kada ka dawo sai na kira ka."

Ya tashi ya fita. Da ƙofa ta rufu, Inna ta nuna kujerar da ke gabanta. Auta ba ta hau ba, ƙasa ta zauna.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya. Share fuskarki, ba kuka na zo ji ba, na ji waƙa ta ishe ni." Ta gyara mayafi. "Tambaya zan yi miki. Da kika tashi kina wannan abin, kin ji daɗi?"

Ƙarya tana nan kusa, a shirye, Malam Shiru ma ya riga ya share mata hanya. Auta ta haɗiye ta.

"Na ji, Inna. Jikina ya ji daɗi. Sai da na gan ki kunya ta kama ni."

"Da ban zo ba fa?"

"Ban sani ba. Wataƙila da na kai ƙarshenta." Kuka ya ƙwace mata. "Ba na son waƙar nan, Allah ya sani. Idan na ji ta a kanti fita nake yi. Amma tana cikin ƙafata, ban san yadda ake cire ta ba. Ba zan yi miki alkawarin da ban san ko zan iya riƙewa ba."

Inna ta bar ta ta yi kukanta. Ba ta dafa ta ba, ba ta kuma hana ta ba.

"Ke kina zaton rawa nake ƙi," ta ce daga baya. "Rawa ba ta taɓa kashe kowa ba. Ɗana nake ji. Yaron nan tun yana ƙarami, idan aka ƙwace masa abu ba ya kuka, sai ya tsaya yana kallo. Ranar da kiɗan nan ya sake kiranki kika amsa, zai tsaya a bakin ƙofa ya riƙe miki jaka. Ba zai ce kada ki tafi ba. A ciki zai mutu, ni ce zan gani."

"Ina son sa, Inna."

"Na gani. Ba shi na tambaya ba. Waƙoƙin nan na zaune, musamman ta mai allurar nan, sun shige ni, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ban sani ba, don wa kike yin su? Idan don ki dace da shagon ɗana kika rage murya, ran da kuka saɓa za ki ɗaga ta. Mace takan yi shiru don namiji shekara ɗaya, biyu, ba ta yi har abada."

"Kafin in san shi na fara."

"Bakinki ya faɗa. Ina so idona ya gani." Inna ta ɗaga yatsa. "Wata shida. Ba ki gan shi ba, bai gan ki ba, ba waya ba saƙo. Ki je ki yi waƙarki inda babu shi, babu ni, babu wancan mai agogon. Gobe duk gari zai kalli abin da aka ɗauka yau, za a yi miki dariya, za a kuma zo da mota a roƙe ki ki dawo. Idan wata shida ya cika kina nan a kan matakala, ni da kaina zan je gaban mahaifiyarki, ba aike ba. Idan kuma kin koma, ba ki yi laifi ba, kin dai san kanki, ni ma na tsira da ɗana."

Auta ta tuna ɗakunan nan biyar da gurnanin firji. Shagon nan na bayan tasha shi kaɗai ne inda take zuwa a ce mata sannu.

"Na amince," ta ce.

Inna ta ƙwala wa ɗanta kira. Ya shigo da sauri, ya dubi wannan ya dubi waccan. Uwar ta faɗa masa hukuncin a taƙaice, kamar mai karanta takardar asibiti.

"Wata shida, Inna? Ba ta da kowa fa."

"Shi ya sa."

Ya juya wurin Auta, yana jira ta ce wani abu, ta roƙa, ta yi gardama. Ita kuwa jitar ta ɗauko ta ɗora a cinya. Ta ja babban yatsa a kan tsirkiyoyin, sai ga ta huɗu ta saki, tana wani amo kamar kukan ƙofa.

"Inna, alfarma ɗaya," ta ce. "Ban iya saita ta ba. Kullum shi yake yi min."

Inna ta dubi jitar, ta dubi agogon bango, ta miƙe da jakarta.

"Minti biyar. Koya mata. Ina cikin mota."

Ya durƙusa a gabanta.

"Danna ta biyar a nan," ya ce. "Buga. Yanzu buga ta huɗu a sake. Kin ji suna faɗa?"

"Na ji."

"Murɗa kunnen tsirkiyar a hankali. Ba da ƙarfi ba, za ta tsinke. Idan sun daina faɗa suka zama murya ɗaya, ki tsaya."

"Idan na wuce fa?"

"Ki sassauta ki sake hawowa. Kullum daga ƙasa ake zuwa mata."

Ta murɗa, ta wuce. Hannunsa ya taso zai gyara, ya tsaya a iska, ya koma cikin aljihu. A waje aka danna hon sau ɗaya.

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya dube ta, ya fita.

Mai shara ya shigo ya fara kife kujeru daga baya. Auta na zaune a ƙasa, kunnenta a jikin katako. Ta sassauta tsirkiyar, ta buga, ta murɗa kaɗan, ta sake bugawa. Sai a karo na bakwai muryoyin biyu suka daina faɗa.

"Hajiya, zan rufe," in ji mai shara.

"Ba ni minti ɗaya, Baba," ta ce. "Saura ta uku."